Agadas, Mambila ko Yusufari: wacce hanya za ku kama daga Zariya?

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan isha'i ƙanina ya zo min gida a Tudun Wada shi da abokansa biyu, wai sun tara 'yan kuɗi suna son su yi tafiyar buɗe ido a mota idan an yi hutu, ɗaya yana son sahara, ɗaya yana son duwatsu, shi kuma ƙanin nawa cewa yake yaya ba za a iya haɗa biyun a tafiya ɗaya ba? Muka zauna a kan tabarma har wajen sha biyun dare muna ta lissafi. Da suka tafi sai naga gara in rubuta abin da na faɗa musu, don na san ba su kaɗai ba ne, samari da yawa a Zariya yanzu suna sha'awar irin wannan tafiyar kuma hoto kawai suke gani a Facebook, hoto kuwa ba ya nuna maka ramin titi ko shingen jami'ai.

Hanyoyi uku ne a gaban ɗan Zariya. Ko ka yi arewa ka tsallaka Nijar zuwa Agadas da duwatsun Azbin, ko ka yi kudu maso gabas zuwa tsaunin Mambila a jihar Taraba, ko ka yi gabas zuwa tuddan yashi na Yusufari a jihar Yobe. Duka ukun na taka su, Agadas kafin korona na bi kawuna da ke kai kaya can, Yusufari sau ɗaya, Mambila kuma bara.

Abu na farko da ya ba yaran mamaki shi ne Agadas ta fi Gembu kusa da mu. Wallahi kuwa. Zariya zuwa Kano wajen kilomita 160, Kano zuwa Damagaram ta Daura da Kwangwalam da Matamaye wajen 240, Damagaram zuwa Agadas ta Tanut wajen 450, ka ga duka-duka bai kai 900 ba. Gembu kuwa idan ka bi ta Jos, Bauchi, Gombe, Numan, Jalingo, sai ka haura kilomita 1,000 da nisa kafin ka shiga gari. Wato wata ƙasar ta fi kusa da kai a kan wani ɓangare na ƙasarka. Amma fa kusa a taswira daban, kusa a aikace daban, zan zo kan wannan.

Bari in fara da Agadas don gaskiya can zuciyata take. Idan abin da kake nema shi ne sahara da dutse a wuri guda, to ba ka da na biyunta a duk yankin nan namu. Kana barin Tanut za ka ga gonakin gero sun fara ƙarewa, itatuwa suna gajercewa suna yin nesa da juna, sai rijiya can da raƙuma da jakuna sun kewaye ta, sai fili, fili har inda ido ya ƙare. Kafin ka isa Agadas za ka gangara gangaren Tigidit, daga nan kuma sai ka fara hango hasumiyar babban masallaci. Wannan hasumiya ta ƙasa ce zalla, tsayinta mita 27, asalin ginin tun 1515 aka sake gina ta a 1844, ga itatuwa a soke a jikinta ta kowane gefe, su ne magina ke takawa idan za a yi yaɓe. Mu 'yan Zariya da muke alfahari da masallacin Juma'a na cikin birni da gine-ginen ƙasa na gargajiya, wallahi idan ka tsaya a gindin wannan hasumiya sai jikinka ya yi sanyi. A 2013 UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kuma ba za ka yi baƙunta ba, Hausa ake ciniki da ita a kasuwa, sai dai ka koyi lissafin sefa, dala ɗaya sefa biyar ce, jaka ɗaya sefa 1,000, idan ba ka riƙe wannan ba mai shayi ma sai ya rikita ka.

Amma Agadas ƙofa ce kawai, abin kallon yana ciki. Duwatsun Azbin baƙaƙe ne, kamar an ƙona su, tsakaninsu kuma kwari ne mai yashi da ruwa ke bi idan an yi damina. Mafi tsawonsu yana kan tsaunin Bagzan, mita 2,022. Mun tafi Timiya, ya haura kilomita 200 daga Agadas amma yini guda cur muka yi a hanya don babu kwalta, dutse ne da yashi, mota tana tafiya tana girgiza har haƙoranka su haɗu. Sai kawai ka zagayo wani dutse ka ga kore shar, lambuna na lemo da rumman da dabino da albasa a tsakiyar wannan ƙunar, ga raƙumi yana jan guga daga rijiya ana ba shuka ruwa. Da daddare Buzun da ya yi mana jagora ya haƙa yashi ya hura wuta, ya kwaɓa fulawa ya binne ta cikin yashi mai zafi da toka, bayan ɗan lokaci ya tono ya kakkaɓe ya kankare, burodi ya gasu, tagella suke ce masa, ya ɓarɓasa cikin miya muka ci. Sannan shayi zagaye uku a 'yar ƙaramar buta a kan gawayi. Na ɗaga kai na ga taurari kamar an watsa gero a kan baƙin zane, ban taɓa sanin haka suke da yawa ba. Can arewa kusa da hanyar Arlit akwai Dabus inda mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce suka sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, wato wurin nan da yake ƙurmus yanzu ya taɓa zama daji mai ciyawa da namun dawa. Gabas da duwatsun kuma Tenere ce, ainihin sahara, hanyar ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, inda bishiya ɗaya tilo ta yi shekaru a tsaye har wani direban babbar mota ya buge ta a 1973, yanzu gawarta tana gidan tarihi a Yamai.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 al'amura ba kamar da ba. An rufe iyaka, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS gaba ɗaya a Janairun 2025. Mutane suna shige da fice kam, 'yan kasuwa ba su daina ba, amma bincike ya tsananta, jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, za su tambaye ka ina za ka, wurin wa, me za ka yi, kuma ɗan saurayi da kyamara yana cewa yawon buɗe ido ya zo ba amsa ce da ke saurin gamsar da su ba a irin wannan lokaci. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Mu ba Turawa ba ne, na yarda, amma Hilux mai kyau a cikin daji ita kanta abin nema ce ga 'yan fashi, balle tun da aka fara haƙar zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014 hanyoyin suka cika da mutane iri-iri. Kuma ko da lafiya lau ake, motarka ta gida ba za ta shiga Azbin ba, iyakarta Agadas, daga nan dole ka ɗauki hayar fowil mai giyar taimako da direba ɗan ƙasa, kuma a sefa za ka biya, naira kuwa kowa ya san halin da take ciki a gaban sefa. Ga fasfo, ga katin allurar shawara, ga takardun mota na tsallaka iyaka. Shi ya sa na ce wa ƙanina idan ba ka da mai masauki a can wanda zai ce zo, ni zan tarbe ka kuma ni zan haɗa ka da jagora, to ka ajiye maganar Agadas tukuna. Na faɗi haka ne raina ba ya so.

Mambila kuma wata duniya ce daban, ba sahara ko kaɗan, amma idan dutse kake so to ka samu har ka gaji. Kyawunta shi ne tun daga hanya ake fara kallo. Ka tashi daga Zariya ka bi Pambeguwa da Saminaka, titin akwai wurare marasa kyau sai a hankali, kafin ka shiga Jos ka riga ka fara hawa, ga duwatsun Shere can gefe da suka kai mita 1,800 da ɗoriya. Daga Jos ka gangara Bauchi, in kuna da kwana ɗaya na rara ku ratse Yankari ku yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi. Sai Gombe, sai duwatsun Tangale wajen Kaltungo, sai gadar Numan a kan Binuwai, sai Jalingo. Ni shawarata kwana biyu zuwa Jalingo, ku kwana Bauchi ko Gombe, kar wanda ya ruɗe ku da cewa direbobin haya suna yin ta a yini ɗaya, su sana'arsu ce kuma ba kallo suka fito ba.

Daga Jalingo ku fita da asuba, Garba Cede, Bali, Serti. A Serti ne ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, can bakin iyakar Kamaru. Shi hawansa tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da jagora, ba na mota ba, kar ku saka shi a lissafin farko. Ku sha mai a Serti ku cika tanki. Bayan Mayo Selbe ne hawan ke farawa, kuma wallahi duk wanda ya ce maka bai ji tsoro ba karon farko to barci yake a motar. Titi yana naɗewa a jikin dutse kamar maciji, hagunka bango damanka rami, kwana bayan kwana, akwai wani hawa da ake ce masa Biyu da Sisi, za ka tarar da manyan motoci suna nishi a giya ɗaya, yaron mota yana bin su a ƙasa da waji a hannu ko da za ta tsaya ya cusa a bayan taya. A nan motarmu ta yi zafi, allura ta haura har ja, muka samu ɗan fili muka faka. Ashe bakaniken da na kai wa kafin mu taso bai wanke lagireto ba duk da na biya shi kuɗin hakan, ruwa kawai ya ƙara. Muka zauna kusan awa ɗaya sai da inji ya huce, wani direban Gembu ya tsaya ya taimaka mana da jarkar ruwa, shi ne ma ya ce min malam idan za ka sauko kar ka dogara da birki, saka ta a giya biyu ka bar inji ya riƙe ta, birki in ya yi zafi sakinka zai yi. Wannan maganar na riƙe ta, kuma ku ma ku riƙe, don saukowar ta fi hawan haɗari.

Da ka ƙarasa sama kuwa sai ka manta wahalar. Iska ta canza, kunnenka ya toshe ya buɗe, tuddai kore kamar an shimfiɗa darduma suna bin juna har ƙarshen gani, shanu manya-manya jajaye suna kiwo ba mai kora su, ga layukan bishiyar turare a bakin gari. Tsayin wurin kusan mita 1,600 ne a tsakaice, Zariya kuwa ba ta kai 700 ba, ka ga bambancin. Maisamari, Nguroje, sannan Gembu. A Nguroje muka kwana ɗaya, da asuba na fito alwala ruwan kamar ƙanƙara, hazo ya rufe ko'ina ban ganin masallacin da ke gabana sai muryar liman kawai nake bi, da rana ta fito sai ka ga gajimare a ƙasanka cikin kwari, kai kana samansa. A Kakara akwai gonar shayi, inda ake yin Highland Tea, za ka ga masu tsinka da kwando a baya suna cire 'yan ganyen saman nan masu taushi kawai. Ga fiya da ayaba da zuma da nono da arha. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki inda masu bincike ke zuwa saboda birai da tsuntsaye. Wani abin da ya kamata ɗan Zariya ya sani, wannan yanki da a ƙarƙashin Kamaru ta Ingila yake, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi Najeriya, shi ya sa har yau sunan ƙaramar hukumar Sardauna, sarautar Ahmadu Bello mai jami'ar nan tamu ta Samaru. Fulatanci ya fi yawa a kasuwa amma da Hausa za ka yi komai.

Ba wai Mambila ba ta da nata ba. An yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a can a 2017, kuma hanyar Taraba kamar sauran hanyoyinmu ce, wani lokaci lafiya wani lokaci a ji labarin tare hanya. Da damina titin hawan yana zaftarewa, ruwa kuma a can ya fi namu daɗewa sosai. Nisa ma ba wasa ba, zuwa da dawowa da 'yan zagaye ku ƙaddara kilomita 2,500, idan motarku tana shan lita 10 a kilomita 100 to lita 250 kenan, ku ninka da farashin mai na ranar, kun san tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 mai ne ke cinye rabin kuɗin tafiya. Amma duk da haka babu fasfo, babu canjin kuɗi, Sienna ko Corolla mai lafiya za ta kai ku har Gembu, kuma in wani abu ya faru kana cikin ƙasarka, za ka iya kiran gida a turo maka kuɗi ka cira a POS.

Yusufari ita ce ƙaramar ciki, ba zan ja ta da tsawo ba. Kano, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, sannan Yusufari, tsakanin kilomita 500 da 600 daga nan, yini ɗaya in an fita da wuri. Dutse babu, ko ɗaya. Amma yashi na gaske ne, tuddai farare masu tsayi a wajen Tulo-Tulo da Bulatura, tsakaninsu kwari da ruwa da dabino da goruba, wasu wuraren ana haƙar kanwa. Abin da ya fi burge ni ma shi ne kafin ka isa saharar sai ka ratsa dausayin Haɗeja da Nguru, ruwa da shinkafa da masunta, da sanyi kuma tsuntsaye daga Turai suna sauka a Dagona kusa da Gashuwa, awa biyu bayan nan kana cikin yashi. Motarku ku ajiye ta a gari ku hau irin tsofaffin fowil ɗin da ke jigilar 'yan ƙauyukan, su sun san inda ake rage iskar taya da inda ake taka wuta, mu da muka gwada shiga da tamu ko kilomita biyu ba mu yi ba ta kafe sai da aka turo mu. Kuma kar ku manta Yusufari ba ta da nisa da Yunusari da Geidam inda aka sha fama da hare-hare, don haka ku tambayi mutanen Gashuwa halin da ake ciki a satin da za ku je, ba labarin watan jiya ba, ku je da rana ku dawo ku kwana Gashuwa ko Nguru. Tafiyar kwana uku ce, ta fi sauran arha nesa ba kusa ba.

Maganar ƙanina ta haɗa Yusufari da Mambila a tafiya ɗaya, ana iyawa a taswira, ka sauko ta Potiskum zuwa Gombe ka miƙe Jalingo, amma ban ba su shawara ba. Kwana goma sha biyu aƙalla, direba ɗaya ne ƙwararre a cikinsu, kuma lokacin da ya fi dacewa da kowanne ma bai zo daidai sosai ba. Mambila ta fi kyau a Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazon hunturu bai rufe tuddai ba tukuna. Sahara kuma Disamba zuwa Fabrairu, rana da sauƙi, dare da sanyi mai shiga ƙashi, a Azbin har ruwa kan daskare a kan tsauni. Afrilu da Mayu kam kar ma ku fara, zafi ya haura digiri 40.

Abin da muka tsayar a ƙarshe shi ne Mambila a Nuwamba, kwana takwas, mutum huɗu a mota ɗaya don a raba kuɗin mai, Yusufari kuma su bar ta sai Janairu su yi ta a ƙarshen mako mai tsawo. Na ce su kai motar wurin bakanike sati biyu kafin tafiya ba ana gobe ba, su tsaya a kansa ya wanke lagireto a gabansu, a duba birki da kulochi da fambel, safaya biyu in da hali, jak, jarkar ruwa lita 25, da rigunan sanyi na gaske ba irin na huntun Zariya ba. Tsabar kuɗi a raba a aljihu daban-daban don netwok yana ɗaukewa tsakanin Serti da saman dutse, layi biyu na kamfani daban. Magariba ta same su a gari, ko wane gari ne, ba a hanya ba. Kuma kowace safiya kafin su tada mota ɗaya daga cikinsu ya shiga tasha ya gaida direbobin da suka kwana a hanyar ya tambaye su yaya gaba. Ƙanin nawa ya ce Baba fa, ya za a yi ya yarda? Na ce wannan ni zan je cikin birni da kaina ranar Lahadi in yi masa bayani, in ya sa albarka sai su fara neman mota.